Bad Brains da yaran Washinton: wa ya kunna wutar, wa ya riƙe ta?

Auwalu Fagge: Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda an ce wannan makon na tarihin kiɗan da ba mu saba da shi ba ne, ga nawa, kuma da ƙorafi na zo. A ƙarshen shekarun 1970 wasu samari huɗu baƙaƙen fata a Washinton, babban birnin Amurka, suka ɗauki kiɗan pank, wani nau'in kiɗan rok mai kaushi, suka ƙara masa gudu da zafi, har ya zama abin da ake kira hadko. Sunan ƙungiyarsu Bad Brains. H.R. ke waƙa, ƙaninsa Earl Hudson ke ganguna, Dr. Know ke jita, Darryl Jenifer ke jitar bas. Kusan duk yaron da ya yi suna a wannan kiɗa a birnin, su ya fara gani ya ce shi ma sai ya yi. Amma yau in aka ce hadkon Washinton, sunan mawaƙi Ian MacKaye da kamfaninsa na buga fayafayai, Dischord, ake fara kira. Ni a ganina kura ce ta sha bugu, gardi ya karɓi kuɗi. Mai ja, bismillah.

Malam Sabo: Wa alaikumus salam. Auwalu, kafin a kai ga wa ya ci wa bai ci ba, ka fara gamsar da ni cewa kiɗa ne. Na saurari abin da ka turo. Waƙa ba ta kai minti biyu ba, mutum yana ta ihu, ban kama kalma ko ɗaya ba. Ina gwanintar take?

Auwalu Fagge: Malam, gwanintar tana cikin gudun nan da ya dame ka. Su ba da pank suka fara ba. Da farko sunansu Mind Power, kuma kiɗan jaz mai gauraye suke yi, irin na su Chick Corea, wanda sai hannu ya nuna ake iya taɓa shi. Wani abokinsu, Sid McCray, shi ya kawo musu fayafayan pank na su Ramones da Sex Pistols. Yawancin 'yan pank na lokacin ba su iya jita sosai ba, har alfahari suke yi da hakan. Su kuwa waɗannan sun iya. Shi ya sa suke gudu irin wanda ba a taɓa ji ba, amma su tsaya cak a tare, su sake tashi a tare, ba wanda ya riga wani. Ka sake saurara, Malam, ka bar muryar, ka bi gangunan Earl kawai.

Anti Rabi: Auwalu ya yi gaskiya a kan gwaninta, wannan ba a jayayya. Zan ƙara abin da ya sa labarin ya fi ban mamaki. A 1970 kusan kashi 70 cikin ɗari na mutanen Washinton baƙaƙen fata ne, kuma suna da nasu kiɗan, go-go, wanda Chuck Brown ya kafa. Shi ake kaɗawa a unguwanni. Ke nan waɗannan samarin sun bar kiɗan gida, sun rungumi kiɗan da ake ɗauka na fararen yara ne, sannan suka fi masu shi iyawa. Masu zuwa kallonsu kuma yawanci fararen yara ne daga arewa maso yammacin birnin da unguwannin gefe.

Amma ƙanina, karin maganar nan taka ba ta zauna ba. Wane kuɗi gardin ya karɓa? Dischord da dala 600 aka fara shi a Disambar 1980, kuɗin da ƙungiyar Teen Idles ta tara daga wasanninta. Da ƙungiyar ta watse, maimakon su raba kuɗin sai suka buga faifai mai waƙa takwas, kwafi 1,000. Kwalin faifan ma da hannu suka yi, almakashi da gam, ɗaya bayan ɗaya. MacKaye da Jeff Nelson, 'yan Teen Idles ɗin da suka kafa kamfanin, lokacin shekarunsu goma sha takwas-takwas.

Auwalu Fagge: Anti, ban ce sun saci kuɗin kowa ba. Suna da daraja nake nufi. Kuma a faɗi gaskiya, yaran nan ba daga titi suka fito ba. Mahaifin MacKaye ɗan jarida ne a Washington Post. Biyu daga cikin 'yan ƙungiyarsa Minor Threat, Lyle Preslar da Brian Baker, makarantar kuɗi suka yi a birnin. Yaron da ya san in abu ya lalace akwai gidan da zai koma ya ci abinci, shi ke iya cewa ba ya son kuɗin manyan kamfanoni.

Nura Damagaram: Ni tambayata ɗaya. In Bad Brains su ne sarakunan wurin, me ya fitar da su daga garin? Na ga suna da waƙa mai suna "Banned in D.C.", wato an haramta su a Washinton. Gwamnati ce ta kore su?

Anti Rabi: A'a Nura, babu wata doka. Masu gidajen rawa ne suka daina ba su fili, saboda yadda yara ke tsalle da bangazar juna in sun hau dandamali, ga tsoron ɓarna. Wuraren da ke karɓar irin kiɗan nan ba su da yawa dama. Akwai Madam's Organ a unguwar Adams Morgan, wani gida ne na ɗaliban zane da 'yan gwagwarmaya, akwai d.c. space, sai 9:30 Club da aka buɗe a 1980. Zuwa 1981 Bad Brains sun tare a Niyok. Can suka yi kaset ɗin nan mai rawayan bango da hoton tsawa tana faɗa wa ginin majalisar Amurka, wanda kamfanin ROIR ya fitar a 1982. Ku lura, kaset ne zalla, ba faifai ba, kuma daga hannu zuwa hannu ya zaga ƙasar.

Wannan shi ne abin da nake so Auwalu ya duba. Sun tafi. Sun je sun kunna wata wutar a Niyok, inda ƙungiyoyi irin su Agnostic Front da Cro-Mags suka taso. Waɗanda suka zauna a Washinton su suka gina abin da ake magana a kai yau.

Hadiza M.: Bari in shigo ta nan, domin ni ginin nan ne ya fi burge ni fiye da kiɗan.

Matsalar farko da yaran suka fuskanta ita ce shekaru. Ana kiɗa a mashaya, su kuma ba su kai shekarun shiga mashaya ba. A 1980 Teen Idles suka shiga motar haya ta Greyhound har Kalifoniya don yin wasa. A San Faransisko, a wani wuri mai suna Mabuhay Gardens, mai wurin ya ga ƙananan yara ne, sai aka zana musu babban X a bayan hannu don kada a sayar musu da giya, aka bar su suka shiga. Da suka dawo gida suka kai wa 9:30 Club wannan shawarar: ku bar mu mu shiga, ku yi mana alama, wanda kuka kama da giya a cikinmu ku kore shi har abada. Aka yarda. Hannuwa biyu masu X da ke kan kwalin faifansu na farko na Alec ne, ƙanin Ian.

Ta biyu ita ce wurin ɗaukar sauti. Wani mutum mai suna Don Zientara yana da ƙaramin situdiyo a ɗakin ƙarƙashin gidansa a Arlington, Inner Ear. Bad Brains ma a nan suka ɗauki waƙoƙinsu a 1979, amma wannan ɗaukar ba ta fito kasuwa ba sai 1996. Ku duba tazarar. Shekara 17 aiki yana ajiye. Su kuwa yaran Dischord, in sun ɗauka sai su buga, su sa talla a ƙananan mujallun da masoya kiɗan ke bugawa da kansu, a aiko da kuɗi ta gidan waya, su naɗe faifai su aika. Suka kama hayar gida a Arlington ya zama ofis, wurin atisaye da wurin kwana. A 1982 suka tattara ƙungiyoyi goma sha ɗaya na yankin a faifai guda. Da ba don wannan ba, da yawansu ba za a san sun taɓa wanzuwa ba, domin wasu 'yan watanni kaɗan suka yi suka watse.

Malam Sabo: To wannan na fahimta, kuma ya shiga kaina fiye da ihun. Hadiza, batun X ɗin nan shi ne na ji ana cewa ba sa shan giya ba sa shan ƙwaya? Ni na ɗauka duk masu irin wannan kiɗa 'yan maye ne.

Hadiza M.: Shi ne, Malam. Minor Threat, ƙungiyar da MacKaye da Nelson suka kafa bayan Teen Idles, ta fitar da waƙa a 1981 mai suna "Straight Edge". Daƙiƙa 46 ce kacal. Yaro ne ke cewa shi ba ya buƙatar maye, yana son hankalinsa a jikinsa. A da'irar da ake ɗaukar maye a matsayin shaidar bijirewa, wannan shi ne bijirewar gaske. Ka tuna Sid Vicious na Sex Pistols ƙwaya ce ta kashe shi a 1979, yana ɗan shekara 21.

Sai dai abin ya kuɓuce masa. Sunan waƙar ya zama aƙida, aka samu ƙungiyoyi a Boston da wasu garuruwa masu tsanani a kai, daga baya har aka samu masu dukan mutane da sunanta. MacKaye ya sha faɗa cewa shi ra'ayinsa ya rera, bai yi niyyar kafa wata tafiya ba.

Auwalu Fagge: Yawwa Hadiza, kin kawo ni inda nake so. Wannan tunanin na tsare hankali ma daga ina ya faro? Kafin Minor Threat, H.R. ya karanta littafin Napoleon Hill na 1937 a kan yadda tunani ke kai mutum ga nasara, ya ɗauko batun kyautata zato da ƙarfin zuciya ya mai da shi taken ƙungiyarsu, haruffa uku, PMA. Pank ɗin Ingila cewa yake babu gobe, komai ya lalace. Bad Brains suka zo da kiɗa mafi zafi, amma saƙonsu shi ne ka tashi ka yi. Yaran nan a gabansu suka ji wannan. Henry Rollins, wanda lokacin yake sayar da askirim a Georgetown, ya sha ba da labarin yadda H.R. ya ce masa zai zama mawaƙi, ya miƙa masa makirufo. A 1981 Rollins ya zama mawaƙin ƙungiyar Black Flag. Su da bakinsu ba su taɓa musun bashin da ke kansu ba. Masu rubuta tarihi ne ke saurin wucewa.

Nura Damagaram: Amma Auwalu, akwai abin da kake zagayewa. Na saurari kaset ɗin 1982 yanzu. Ana cikin gudu sai kawai a koma rege, a hankali, ana ambaton Jah. Me ya kawo wannan?

Auwalu Fagge: Ba zagayewa nake ba, ban iso ba ne. Sun je kallon Bob Marley, abin ya shige su, suka rungumi aƙidar Rasta, masu girmama Sarki Haile Selassie na Habasha. H.R. dama a Libaful aka haife shi a 1956, mahaifiyarsa 'yar Jamaika ce, mahaifinsa sojan saman Amurka. Ni a wurina haɗin nan shi ne ya sa babu kamarsu. Ɗaki cike da fararen yara suna gumi, sai a tsayar da su a sa su saurari rege na minti biyar a kan Babila da Afirka. Wa ya taɓa yin haka?

Anti Rabi: Babu, kuma ni ma ina son wannan ɓangaren. Amma nan ne tsagewar ta fara, ƙanina. H.R. da Earl suna son komawa rege gaba ɗaya, Dr. Know da Darryl suna son kiɗa mai nauyi. Shekara da shekaru ana fita ana dawowa. A 1983 Ric Ocasek na ƙungiyar The Cars, babban tauraro a lokacin, shi ya tsaya musu a kan faifansu na biyu. A 1986 suka yi I Against I a kamfanin SST, faifan da mutane da yawa ke gani shi ne ƙololuwarsu, kuma akwai waƙa guda a ciki da H.R. ya rera ta wayar tarho daga kurkuku, an tsare shi kan tabar wiwi. A 1993 sun yi faifai a Epic ba tare da shi ba. A 1995 kamfanin Madonna, Maverick, ya ɗauke su da cikakken ayarinsu, aka haɗa su rangadi da Beastie Boys, sai abin ya wargaje bayan H.R. ya yi faɗa har an kama shi. Ƙofofi sun buɗu musu, ba sau ɗaya ba.

Ba ina ɗora masa laifi ba ne. Daga baya iyalinsa sun bayyana cewa yana fama da lalurar taɓin hankali, ga wani matsanancin ciwon kai da sai da aka yi masa tiyata a 2017. Mutum ne mara lafiya da aka daɗe ana kallo a matsayin mai taurin kai. Abin tausayi ne. Amma in za mu faɗi dalilin da bai sa suka kai inda ya kamata ba, dole wannan ya shiga lissafi.

Auwalu Fagge: Ya shiga, Anti. Amma launin fata ma ya shiga. Gidajen rediyon kiɗan rok na lokacin ba sa sa baƙaƙe, na baƙaƙe kuma ba sa sa rok. Ina za su je? Ga Death ta Detroit, 'yan'uwa uku baƙaƙe, sun ɗauki irin wannan kiɗa a tsakiyar shekarun 1970, kundin bai fito ba sai 2009. Su ma taurin kan H.R. ne ya hana su? An sa sunan Bad Brains cikin 'yan takarar zauren girmamawa na rok a 2016, ba a zaɓe su ba. Dave Grohl kuwa, wanda ya yi ganguna a Scream, ƙungiyar yankin da ta taso a inuwarsu, ya shiga Nirvana a 1990, an sa shi a zauren nan har sau biyu.

Hadiza M.: Wannan ba na ja da kai, Yaya Auwalu. Amma ka lura Minor Threat da Fugazi, ƙungiyar MacKaye ta daga baya, su ma ba sa cikin zauren nan, kuma ba rediyo ce ta ɗaga su ba. Bambancin da nake gani shi ne wa ke riƙe da kayansa. Waƙoƙin Bad Brains sun warwatsu a hannun kamfanoni daban-daban, sai a 2021 suka fara sake fitar da tsofaffin fayafayansu a ƙarƙashin sunansu, bayan sun karɓo haƙƙin da yawa daga ciki. Shekara kusan arba'in. Dischord kuwa tun ranar farko komai na hannunsu, ba sa rubuta yarjejeniya da ƙungiyoyi, magana ce ta baki, a raba riba biyu, kuma ƙungiyoyin yankin Washinton kawai suke bugawa.

Kuma batun cewa 'ya'yan masu hali ne, na yarda ya sauƙaƙa musu farawa. Amma bai bayyana abin da suka yi daga baya ba. Fugazi ta fara wasa a 1987, ta yi wasa fiye da 1,000 kafin ta dakata a 2003. Kuɗin ƙofa dala 5 a mafi yawan wuraren, yaro da babba kowa ya shiga, ba sa sayar da riguna. In wani ya fara tattake mutane a gaban dandamali, sai su tsayar da kiɗa, a mayar masa da dalarsa biyar a nuna masa ƙofa. Bayan Nirvana ta yi fice a 1991 manyan kamfanoni suka bi su da kuɗi, suka ƙi. Yara masu gata da yawa sun sa hannu a lokacin. Waɗannan ba su sa ba.

Malam Sabo: Wannan mayar da kuɗin ya burge ni. Ke nan su da kansu sun ga rawar ta zama dambe.

Hadiza M.: Sun gani tun kafin Fugazi, Malam. Zuwa 1984 wasannin sun cika da ƙarti masu zuwa don faɗa kawai, mata da ƙananan yara aka tura su baya. Mata dama suna nan tun farko, akwai Chalk Circle a 1981, ƙungiyar mata zalla, akwai Toni Young, baƙar fata mai kaɗa bas a Red C, amma ba a cika ambatonsu ba. Wata ma'aikaciyar Dischord, Amy Pickering, ita ta fara aika wa abokai 'yan takardu tana kiran a sake lale, abin da ya zama Revolution Summer a 1985. Sababbin ƙungiyoyi irin su Rites of Spring da Embrace suka rage gudu, suka koma waƙa a kan abin da ke cin zuciya. A wannan shekarar aka kafa Positive Force, masu shirya wasanni don tara wa mabuƙata kuɗi. Kuma a wannan bazarar ne yaran suka riƙa zuwa gaban ofishin jakadancin Afirka ta Kudu da ganguna da gwangwanaye, suna kaɗawa don adawa da mulkin wariyar launin fata, a lokacin da gwamnatin Reagan ke lallaɓa gwamnatin can. A Janairun 1991 Fugazi ta yi wasa a gaban fadar White House cikin sanyi, kwanaki kaɗan kafin a fara ruwan bama-bamai a Iraƙi.

Nura Damagaram: To ni nan ne abin ya tsaya mini a rai. Sun je ofishin jakadanci don baƙaƙen Afirka ta Kudu, madalla. Amma baƙaƙen da ke garinsu fa, waɗanda su ne mafi rinjaye? Anti ta ce akwai go-go. Da'irorin biyu sun taɓa haɗuwa, ko kowa na gefensa?

Auwalu Fagge: Tambayar ke nan, Nura. Kuma kada a manta MacKaye ya rubuta wata waƙa yana matashi a kan yadda ake tsangwamarsa don shi fari ne a makarantar da baƙaƙe suka fi yawa. Ya ce adawa da wariya yake nufi, amma masu wariyar sun ɗauke ta sun yi amfani da ita. Yaro ne mai kyakkyawar niyya da bai gama ganin garin da yake ciki ba.

Anti Rabi: Sun haɗu, amma jefi-jefi. Wasan ƙarshe na Minor Threat, ranar 23 ga Satumba 1983, tare da Trouble Funk aka yi shi, ɗaya daga cikin manyan ƙungiyoyin go-go, da Big Boys daga Texas. 'Yan pank ɗin suna son go-go ƙwarai, kuma akwai baƙaƙe a cikinsu bayan Bad Brains, kamar Skeeter Thompson na Scream da Bubba Dupree na Void da Shawn Brown. Amma in ana maganar taron jama'a, gari biyu ne a cikin gari ɗaya, kuma kiɗa bai rushe wannan ba.

Abin da zan ƙara shi ne go-go ma da ƙafarsa ya tsaya. Ana ɗaukar wasa kai tsaye a kaset, a sayar a shaguna da bakin titi, babu babban kamfani a tsakani, kuma ya sha matsin 'yan sanda da rufe wurare fiye da yadda pank ya taɓa sha. Sai a 2020 hukumar birnin ta ayyana shi a matsayin kiɗan Washinton a hukumance. In admin ya amince, mako mai zuwa a ba ni fili in kawo tarihin Chuck Brown da Rare Essence, domin ba zai shiga ƙarƙashin wannan zaren ba.

Malam Sabo: Na goyi baya. Rabi, ki haɗo mana da wasan da aka ɗauka kai tsaye, ba na situdiyo ba.